Tukunyar Kifayen Haulatu

Ana gab da kiran magariba a unguwar Treichville, Haulatu ta durƙusa gaban akwatin gilashinta tana rage tsohon ruwa da siririyar roba. Kifaye biyu ne a ciki, 'yan ƙananan dangin karfasa, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Namijin yana da ratsin rawaya da shuɗi, macen kuwa cikinta ya yi ja kamar an shafa mata lalle. Haulatu ba ta taɓa zuba musu ruwan famfo sai ya kwana a bokiti, kuma duk abin da zai shiga akwatin, dutse ne ko itace, sai ta tafasa shi don kada ya kawo musu cuta. Haka ta yi wa 'yar tukunyar ƙasar da yayanta Shamsuddin ya kawo mata, ya ce a kasuwar Adjamé ya saya. Irin waɗannan kifaye ba sa yin ƙwai sai sun sami kogo. Ta tafasa tukunyar, ta kwantar da ita a yashi, macen ta shige ta yi ƙwai, ta tsaya a baki tana gadi.

Da yammacin nan ne dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Mahaifiyarta, Hajiya Zalihatu, ta leƙa tsakar gida ta zagi yaran maƙwabta. Babu yaro ko ɗaya. Na biyu ya faɗo a gabanta, tsakuwar rafi ce mai santsi, tana ɗigar da ruwa, alhali sama ba ta yi ko yayyafi ba. Ladan ya ɗaga murya. Da ya yi shiru, sai suka ji wani abu a ƙarƙashin ƙarar injin iskar akwatin: kukan jariri, siriri, kamar daga ƙasan rijiya.

Kowace magariba abin ya riƙa dawowa. Duwatsun suka bar rufi suka shigo falo, suna faɗowa daga silin da babu huda a jikinsa. Maigidan, Alhaji Kailu, mutumin Maraɗi da ya tsufa yana fatauci a Adjamé, ya bar hira a shago, ya koma gida da wuri da tasbaha a hannu. Bai tambayi kowa komai ba. Ya dubi akwatin, ya dubi 'yarsa, ya yanke hukunci.

"Wannan wasan nasara ne ya jawo mana. A zubar da shi a kwata."

"Papa, pardon, ka yi haƙuri, macen kifin ƙwai gare ta. Idan aka taɓa ruwan nan duka za su mutu."

"Rufe mini baki. Tun da kika shiga makarantar lise ba a isa a yi magana ba."

Ta roƙe shi ranar, ta roƙe shi washegari, har muryarta ta dushe. A gidan nan idan namiji ya yi tari ana kawo ruwa, idan yarinya ta yi magana ana ƙara sautin talabijin. Da rana ta sake faɗuwa, Alhaji ya umarci Shamsuddin ya ɗauke akwatin.

Hannunsa bai gama taɓa gilashin ba Haulatu ta riƙe masa wuyan hannu. Ƙato ne, mai ɗaga buhun shinkafa a bakin tashar jirgin ruwa, amma sai ga shi a gwiwa yana ihu. Idanun yarinyar sun juye, ruwa mai warin laka yana tsiyaya daga gashinta. Ta buɗe baki, muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce.

"In aka zubar, sai na shaƙe yarinyar nan."

Maza huɗu na gidan haya suka taru kafin su danne ta. Suka ɗaure ta da igiyar shanya, wani ya kawo bulala ya ce duka ne maganin aljani. Jikin da ya sha bulalar na Haulatu ne. Hajiya ta faɗa a kanta tana kuka, sannan suka bari.

Malam Abdulmutallib, da aka aika a kira, ya iso daga Adjamé washegari da la'asar sakaliya, bayan cunkoson motoci a Indénié ya riƙe shi. Tsoho ne siriri, mai magana a hankali. Ya ga sawun bulala a hannun yarinyar, ya dubi mazan ɗaya bayan ɗaya har suka sunkuyar da kai.

"Ku kwance ta."

Ya zauna nesa da ita kaɗan, ya fara karatu. Hasken taga yana raguwa. Ruwan akwatin ya soma rawa ba tare da an taɓa shi ba, fitilar cikinsa ta mutu ta kama. Haulatu ta miƙe zaune cak, kanta a karkace.

"Ya isa, Malam. Ni ma musulma ce."

"To baiwar Allah, musulma ba ta shiga jikin da ba nata ba. Me aka yi miki?"

"Ɗakina aka ɗauke. Yana ƙarƙashin saiwar itace a bakin rafin Banco. Wancan mai rawar ƙafa ya tsince shi, ya ce saye ya yi."

Shamsuddin ya jingina da bango.

"Ita kuma ta ɗora a wuta," in ji muryar. "Ta yi bismilla, ban ɗauke mata wannan ba. Na ji, na fita da manyan 'ya'yana. Ƙaramin yana barci."

Hajiya ta toshe bakinta da gyale. Malam ya dubi tukunyar.

"Ya mutu?"

"Ya ƙone. Yana kwance a ciki. Na yi niyyar ɗa ya tafi a kan ɗa. Amma ruwan yarinyar nan mai sanyi ne, mai tsabta, ba ta taɓa barin sa ya lalace ba. Macen kifin nan kuma ta tsaya a ƙofa dare da rana, ba ta barin komai ya shiga. Fatar ɗana ta fara tsirowa. Sai na ji za a zubar da shi a kwata."

"Don me ba ki yi magana ba sai jifa? Don me kika kama wadda ba ta san hawa ba?"

Dariyar da ta fito daga bakin Haulatu ta sa tsigar jikin kowa ta tashi.

"An yi magana, Malam. Da bakin nan aka yi ta, kwana da kwanaki. Ba su ji ba sai da na sa tawa muryar a ciki."

Alhaji Kailu ya zauna a ƙasa, tasbaharsa ta suɓuce.

Malam ya ce wa aljanar ta fita yanzu, ba tare da sharaɗi a kan yarinyar ba. Ta ce a ba ta yarinyar har ɗanta ya warke. Ya ƙi, ya ɗaga muryar karatu har ta yi ƙara. Daga bisani suka tsaya a kan magana ɗaya: ba za a taɓa akwatin ba, ba mai kula da ruwan sai Haulatu, kuma ranar da 'ya'yan kifin suka fito, wanda ya ɗauko tukunyar shi zai mayar da ita, da ƙafa, a tafin hannunsa. Malam ya juya ga maigidan.

"Alhaji, ka ji?"

"Na ji."

Haulatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a cinyar uwarta. Da ta farka, ba wanda ya iya haɗa ido da ita.

Wata safiya 'ya'yan kifin suka fito kamar watsin gero, uwar tana kora su a kan yashi. Haulatu ta sa hannu ta ɗago tukunyar, ta miƙa wa yayanta. Shamsuddin ya haye gada, ya ratsa unguwar Plateau, ya bi gefen Adjamé, motocin haya na gbaka na ta yi masa hon. Bai tsaya ba, bai kuma leƙa ciki ba. Tukunyar fanko ce, ruwan ya daɗe da tsiyayewa, amma tun daga Treichville har bakin rafin yana jin wani abu ɗan ƙarami a ciki, yana numfashi a hankali a kan tafin hannunsa.