Abin da Usta Hilmi Ya Jefa a Teku

Ana gab da magariba Awatif na soya kifi a gidansu da ke unguwar Bahari ta Iskandariyya, sai ga mijinta Hilmi, wanda ake kira Usta, wato gwanin gyara, ya shigo rungume da wani koren injin shara, baki har kunne. Sana'arsa ke nan, kuma cutarsa ke nan: tsofaffin injinan zuƙe ƙura masu tulu da dogon tiyo, waɗanda Girkawa da Italiyawa suka bari lokacin da suka tashi daga garin. Na mutane yana gyarawa ya mayar, nasa kuwa arba'in da ɗaya suna jere a kanta, ko taɓawa ba a yi. Wannan koren, in ji shi, daga gidan wata tsohuwa ya fito, gidan da ya shekara sittin a kulle, kuma babu irinsa a duk Masar.

Ta ce masa ya bari sai da safe, ba a taɓa ƙura da almuru. Ina! Ko jinta bai yi ba. Ya kwance tulun a tsakar falo, ya zazzage jakar da ke ciki, wata baƙar ƙura mai sanyi ta tashi. 'Yarsu Samiha, mai karatun aikin jinya, ita ta durƙusa ta kwashe da hannunta.

Kashegari war haka aka fara. Da ladan ya ɗaga murya sai injinan da ke jere a kanta su ɗauki gurnani ƙasa-ƙasa, alhali ko ɗaya ba a jona da wuta ba. Ƙananan ƙusoshi na faɗowa daga rufi cikin kwanon abinci. Samiha ta daina zuwa makaranta, ta daina magana, sai ta zauna a lungu tana jan numfashi mai tsawo wanda ba ya ƙarewa. Cikin mako biyu wuyanta ya zama kamar na kwalba.

Wata dattijuwar maƙwabciya ta ce a kai koren nan teku, ɗungurungum. Awatif ta yi kuka ta yi roƙo, har Usta Hilmi ya saɓa buhu ya fita. Ya dawo wando jiƙe zuwa gwiwa, ya dafa kan 'yarsa ya rantse ya jefa. Ta yarda, don shekara ashirin da shida bai taɓa yi mata ƙarya ba. Har tausayinsa ta ji, ta dafa masa shayi mai na'ana'a.

Amma abin sai gaba ya yi. Samiha ta fara lasar bango, tana tsince ƙurar ƙarƙashin gado tana ci.

Ran Alhamis yayan Awatif ya zo da Shehi Abdulmaƙsud, tsoho ne siriri mai ciwon ƙafa, ba ya son surutu. Ya sa aka rufe tagogi bayan la'asar, ya zauna gaban yarinyar yana karatu a hankali. Can sai kan Samiha ya langaɓe, wata murya ta fito daga bakinta, busasshiya, ta tsoho tukuf.

Shehi ya tambayi mai muryar ko wane ne. Ya ce shi aljani ne mazaunin gidan tsohuwar nan, wata 'yar aiki ce ta zuƙe shi tare da ƙura ranar da za a kulle gidan, ya zauna cikin tulun har ya saba, bai taɓa cutar da kowa ba sai da aka zazzage shi. Da ya ji an ce za a kai tulunsa teku, har ya yi shirin fita daga yarinyar ya bi shi.

"To me ya hana ka?"

"Tambayi mai gidan," in ji muryar, tana dariya ba daɗi. "Wani ruɓaɓɓen inji ya shafa wa koren fenti ya kai teku. Nawa yana bisa soro, bayan tankin ruwa, an naɗe shi da bargo. Kullum da hantsi yana hawa ya goge shi."

Awatif ta juya ta dubi mijinta. So take ya musa, wallahi ko da ƙarya ce so take ya musa. Shi kuwa ya kafa wa tabarma ido. Wato duk kwanakin nan da take ɗura wa 'yarta ruwa da cokali, mutumin nan yana sama yana goge ƙarfe.

Aljanin ya nemi a bar masa yarinyar, tunda mutanen gidan ba su da alkawari. Shehi ya ce bai isa ba. Ya nemi shekara guda, Shehi ya ɗaga muryar karatu har jikin Samiha ya ɗauki rawa. Daga ƙarshe ya sauko: a mayar da ƙurarsa cikin tulun, a kai shi teku yadda yake, kada a cire ko ƙusa ɗaya, kuma uwar ce za ta ɗauka, don ba ya sake yarda da uban. Shehi ya sa aljanin ya rantse. Samiha ta yi wata doguwar atishawa, ta faɗi, ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Gari na wayewa Awatif ta tattara ƙurar ta mayar cikin tulun, ta ɗauki injin, Samiha na riƙe da gefen mayafinta, suka nufi duwatsun bakin teku inda masunta ke gyaran koma. Usta Hilmi na biye da su kamar mara lafiya, yana ta ba da haƙuri, wai shaiɗan ne, wai shi ma bai san abin da ya hau kansa ba. Ganin hawaye a gemunsa, zuciyarta ta fara sanyi.

Ta ɗaga tulun ke nan ya riƙo hannunta. A ɗaya hannun nasa akwai ɗan sukudireba.

"Ummu Samiha, don Allah," ya ce a hankali, "ɗan faifan lambar nan kawai zan cire. Ba zai sani ba."

Samiha ta ji. Ta saki mayafin uwarta, ta karɓi injin da hannuwanta da suka rame, ta tura shi cikin ruwa da kanta. Sannan ta dubi uwar, ba ta ko kalli inda uban yake ba.

"Mama, mu tafi gidan Kawu."

Suka hau taragon jirgin cikin gari da ya fara zuwa, suka bar shi tsaye a kan dutse yana leƙen ruwa.