Malamin Sanyi

A motar Kalgo zuwa Gwandu Atiku ya fara ganin Huseina, malamar firamare. Ta ga alli a hannun rigarsa, ta ce, "Malam, mi kake koyarwa?"

"Fiziks, a jami'a. Lissafin ƙwayoyin da ido ba ya gani nake yi. In sanyi ya tsananta, sai su haɗu biyu-biyu su ratsa waya ba abin da ke tare su."

"To, Malamin Sanyi!" ta ce tana dariya.

Bai yi dariya ba. Yana Italiya wurin bincike mahaifiyarsa ta rasu, ya dawo ya tarar da kabari. Tun daga nan ba daɗi ba ɗaci, tuwo da ruwa duk ɗaya ne a bakinsa. Amma fa kowace Juma'a sai ƙafarsa ta kai shi Kalgo zance wurin Huseina.

Da magabatansa suka je neman aure, Malam Lawali, mahaifinta, ya ƙi.

"An ce ko hawaye bai yi wa uwa tai ba. Ɗiyata za ya tausaya wa?"

Atiku ya je yin sallama, ya tsaya a zaure kamar icce.

"Gaskiyar Baba ce, Huseina. Ni kaina ba na jin komai."

"Amma kana zuwa, Malamina," ta ce.

Sai ga Inna Hajjo, kakarta, ta dogaro sanda.

"Kai ne ɗan Albarka ta Gwandu? Ai ni na yi jinyarta. Ta taɓa kiran sunanka?"

"A'a, Inna. Ɗan fari ne ni, kunyata take ji. Baƙo take ce mini."

"To ranar da za ta cika ta aje kunya. Ta ce, 'Atikuna na can cikin sanyi, ko ya tafi da bargo?'"

Wayyo! Atiku ya durƙusa yana kuka irin na yaye, har Malam Lawali ya fito ba hula. Tsohon ya matso ya dafa kan Atiku.

"Tashi, ɗana. Ka turo su."

Bayan Sallah aka shafa fatiha, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya. Cikin kayan amarya har da bargo mai kauri, Huseina ta ce ba nata ba ne, saƙon Albarka ne ya iso.