Hantar Duna

Zakara bai yi cara ta biyu ba Nomau ya gama ɗura bindigarsa ta toka. Ya auna albarushi a tafin hannu, ya cusa tsumma, ya jefa ƙatuwar dalma guda, ya danna da sandar ɗuri. Ya rataya burgami, ya soke barandami da wuƙa a ɗamara, ya cika goransa da ruwa, sannan ya nufi turken da aka ɗaure Duna.

Duna baƙin kare ne wuluk, dogon baki, kunnensa na hagu a tsage tun ranar da ya kara da gadu. Yana ɗan kwikwiyo Nomau ya raine shi da nonon akuya, har mutanen Tungar Faru ke yi masa tsiya wai ya fi gane tarin karensa a kan tarin matarsa. To, jiya da la'asar Dunan nan ya ciji Gwamma, 'yar autar Korau, yayan Nomau. Yarinyar ta zo wucewa da gudu ta gefen kaskonsa, ya cafke ta a sharaɓa, haƙora suka shiga sosai. Mata suka rufe shi da taɓare har ya shige ƙarƙashin rumbu.

A zaure Nomau ya tarar da Korau zaune cikin duhu, da alama ko runtsawa bai yi ba.

"Ka dai ji abin da na faɗa maka," in ji Korau. "Hantarsa nake so kafin rana ta faɗi. A gasa a ba yarinyar ta ci, dafin hauka ya mutu. Haka muka tarar iyayenmu na yi."

"Yaya, ai ba mu tabbatar hauka ba ne."

"Sai ta fara haushi a ɗakin uwarta za mu tabbatar? Haba Nomau! Kare ne fa. Ita kuwa jininka ce."

Nomau ya sunkuyar da kai. Alfarma ɗaya aka yi masa. Mafarauci ba ya zubar da jinin karensa a cikin gari, sai dai ya kai shi daji, inda suka ci tare suka sha wuya tare, ya gama da shi a can. Ya ja igiya suka fita, Duna na kaɗa wutsiya, shi a ganinsa farauta za a je.

Ya yi sallar asuba a ƙarshen gonaki, suka shiga sabara gari na wayewa. Abu biyu ke kokawa a zuciyarsa. Na farko, shekaranjiya ya daka gidan rina ya zuba wa Duna a tuwo, yadda mafarauta kan yi in za a buɗe farauta don kare ya yi zafi, kuma ya manta bai ɗaure shi ba. In wannan ne, laifin mai kare ne. Na biyun shi ne ya hana shi barci. A watan da ya wuce wata dila ta fito musu da rana tsaka, tana layi, ba ta gudun mutum, Duna ya shaƙe ta, ita ma ta yage shi a kafaɗa. Dilar da ba ta tsoron mutum kuwa ba ta da lafiya. Wannan bai faɗa wa kowa ba.

Da ya kwance igiyar sai tsoro ya kama shi, abin da bai taɓa ji ba game da Duna. Kullum karen a bayansa yake tafiya sai in ya ji ƙanshin nama. Yau Nomau ya kasa jure jin numfashinsa a agararsa, ya kora shi gaba. Duna ya lashi baki, Nomau ya ce yawu ne. Ya tsaya ya kai wa ƙuda cizo, Nomau ya ce ga shi nan yana cizon iska. Mutum in ya sa abu a ransa, ko kututture ya gani sai ya ga kunnen kura.

Amma yana da gwaji guda, wanda marigayi sarkin bakansu ya koya masa. Mahaukacin kare ba ya shan ruwa, maƙogwaronsa ƙi yake yi. Sai dai karen da ba ya jin ƙishirwa in ya ƙi ruwa ba shaida ba ce. Dole a yi ta tafiya da shi cikin rana har harshe ya zazzago, sannan a kai shi gaban ruwa. Shi ya sa Nomau bai tsaya a kurmin kusa ba, ya miƙe zuwa Gurbin Giyayya, inda kogi kan ƙafe da bazara ya bar ruwa mai zurfi a gindin dutse. In Duna ya sha, to, sai ya san abin da zai faɗa wa Korau. In ya ƙi, dalma na nan.

Suka wuce marke da taura, suka shiga gamba busasshiya mai yankan ƙwauri. Zabin daji suka tashi fir, wani burtu na ta gumza daga nesa. Da hantsi Duna ya sa hanci a ƙasa ya sandare, ƙafar gaba ɗaya a ɗage. Sawun mazo ne, sabo fil, kofato ya nutse a turɓaya, ga kashi ko bushewa bai yi ba. Karen ya waiwayo ya dubi ubangidansa, irin duban nan na "in tafi?" Can gaba, a inuwar wata kanya, ga namijin mazo tsaye ya ba da haƙarƙari, harbin da ko makaho ba zai kuskure ba. Nomau ya ɗaga bindiga, ya sake saukewa. Dalmar da ke ciki tana da mai ita. Mazo ya yi tsalle ya shige duhuwa, Duna ya bi shi da ido, ya dawo ya dubi Nomau kamar mai tambayar wane ne mahaukacin a cikinsu.

Rana ta take tsaka. Ƙasa ta yi zafin da take ratsa takalmin fata, daji ya yi tsit sai kukan gyare. Harshen Duna ya zazzago, yawu na dalala, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa. Sau da dama hannun Nomau ya kai kan goran ruwa don tausayi, yana janyewa. Gaskiyar magana, tsoron amsar yake yi, ya fi son a jinkirta ta.

Da suka hango giyayyun bakin gurbi, Duna ya ruga. Nomau ya bi shi yana addu'a a fili. Karen ya gangara yashi a guje, sai da ya kusa ruwa ya ja birki har ƙasa ta tashi. Gashin bayansa ya miƙe. Ya ja da baya, ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji, yawu na zuba. Ga ruwa kore shar a gabansa, ga ƙishirwa na neman kashe shi, ya ƙi ko matsawa.

"Innalillahi," in ji Nomau. Gwamma ya gani a idonsa, da ɗan kitsonta da giɓinta.

Duk da haka bai haƙura ba. Ya wuce karen, ya sauka har ƙafarsa ta taɓa laka, ya juya wa ruwa baya, ya kamfato da hannu yana watsawa gabansa.

"Zo ka sha, Duna. Zo mana. Don Allah ka sha."

Duna ya yage baki, haƙora duk a waje, ya yi ƙasa da ƙirji yana haushi kamar zai tsage. Bai taɓa yi wa Nomau haka ba. To, magana ta ƙare. Nomau ya miƙe, ya ɗana kunamar bindiga, ya kafa gindinta a kafaɗa, ya daidaita bakinta tsakanin idanun da suka shekara suna jiransa a ƙofar gida. Hawaye ya hana shi gani, ya goge da kafaɗar riga.

Da ya sake duba sai ya lura idanun karen ba a kansa suke ba. Ƙasa suke kallo, ta gefen gwiwarsa, bayansa. A lokacin ne idon mafarauci ya dawo masa, wanda tun safe ya zuba shi kan kare ya manta da daji. Tsakiyar bazara, ruwa ɗaya tilo a duk yankin, amma babu sabon sawun barewa ko na biri a bakinsa. Ko zalɓe babu. Kuma dab da ƙafarsa laka ta yi wani santsi mai faɗi, kamar an ja buhu, da zanen farata gefe da gefe.

Bai waiwaya ba, ya yi wuf ya faɗa gefe. Ruwa ya tsage. Muƙamuƙin kada ya haɗu ƙas a daidai inda cinyarsa take, ya tafi da burgami. Nomau ya faɗi rigingine cikin laka, ƙafa na santsi, ga kada ya yo kansa, ƙato, baƙi, gansakuka a gadon baya. Sai wani baƙin abu ya tsallake kansa. Duna ya dira a wuyan kada yana neman ido. Kada ya murɗa, ya watsar da shi, ya cafke shi a cinyar baya, ya fara ja da baya zuwa zurfi. Kukan da karen ya yi har cikin ƙashin Nomau.

Bindiga na hannunsa, ikon Allah bakinta bai nutse ba. Ya tashi a kan gwiwa, ya shiga ruwa har ƙugu, ya ɗora bakin bindiga a bayan idon kada, inda fata ba ta da kauri, ya ja kunama. Ƙara ta cika kwarin, hayaƙi ya turnuƙe. Kada ya yi birgima, wutsiyarsa ta maka Nomau a haƙarƙari, bakin ya buɗe. Nomau ya damƙi ƙeyar Duna ya fizgo shi. Karen da azaba ta rufe wa ido ya juyo ya datse hannun da ke cetonsa, haƙori ya shiga tafi ya ɓullo ta baya. Nomau bai saki ba sai da ya kai shi tudu.

A inuwar giyayya suka zube su biyu suna haki. Da numfashi ya dawo, Nomau ya cire hularsa ta fata, ya tsiyaya ruwan gora a ciki, ya ajiye a gaban hancin Duna. Karen ya ɗago kai da ƙyar. Ya sa harshe. Ya sha, ya sha, ya lashe hular tas, ya dube shi yana neman ƙari. Nomau ya fashe da dariya yana kuka, dattijo guda a tsakiyar daji.

Murnar ba ta daɗe ba. Gwajin ruwa hikimar mafarauta ce, ba wahayi ba, kuma tabon dilar nan na nan a kafaɗar Duna. Ga cinya ta karye, ko ya warke ba zai ƙara bin mazo ba. Wuƙa na ɗamara. Yanka ɗaya, ya koma da hanta a ganye, Yaya ya huce, gari ya huce. Ya daɗe yana duban hannunsa da ke zubar jini, ya naɗe shi da tsumma. Sannan ya yanko ɓawon kalgo ya ɗaure cinyar karen da tsinke biyu, ya saɓa shi a wuya kamar ɗan akuya, ya kama hanya.

Ana kiran magariba ya shigo Tungar Faru. A ƙofar gida Korau ya riga ya hura wuta, garwashi ya yi ja, ga tsinken gashi a gefe, maƙwabta sun taru. Da suka ga abin da ke wuyan Nomau yana motsi, aka dare.

"Ina hantar?" in ji Korau.

"Tana cikinsa, Yaya."

"Nomau, ni kake wa wasa da ran 'yata?"

Nomau ya sauke karen a hankali. Ya kwance tsumman hannunsa, ya miƙa shi cikin hasken wuta kowa ya gani.

"Haƙorin da ya shiga ƙafar Gwamma shi ne ya shiga nan. Abin da zai same ta zai same ni. Akwai kuma maganar wata dila da na ɓoye maka, don haka ba hanta ce za ta fisshe mu ba. Gobe da sassafe ni da ita za mu hau mota a je asibiti a yi mana allura. Shi kuwa a ɗaure shi a ƙofar ɗakina kowa ya zuba ido. In ya haukace, da hannun nan zan harbe shi. Amma in ka yanka shi yau, Yaya, wa zai faɗa mana ko lafiya yarinyar take?"

Korau ya dubi hannun, ya dubi karen, ya dubi ƙanensa da laka ta bushe masa har gemu. Ya tashi ya shiga gida. Da ya fito, sabuwar igiyar guga ce a hannunsa, ya jefa ta gaban Nomau.

"Ka ɗaure shi da kyau," ya ce, murya a dishe. "In wani abu ya sami Gwamma, ni da kai har abada."

Ya ɗauki butar alwala ya juye a kan garwashin.

Nomau ya kafa turke a ƙofar ɗakinsa ya ɗaure Duna. Ya jingine bindiga a bango, ya sake ɗura ta da hannu ɗaya. Sannan ya cika kasko da ruwa ya tura gaban karen, ya zauna a ƙasa, hannunsa na zogi, ya zuba wa harshen Duna ido.