Shirun Fanka Uku

Ana idar da sallar azahar aka kira Sufeto Ɗanmaliki, aka ce an sami Abdulmutalib mai gyaran hoto kwance a shagonsa na bayan tashar Karaye, ba rai.

Sufeton ya san shagon, kuma bai taɓa son shigarsa ba. Sana'ar Abdulmutalib ita ce gyara tsofaffin hotuna. Za a kawo masa hoton da ruwa ya ci ko gara ta ɓata, ya sa shi a kwamfuta ya fito da fuskar tar. Yawancin masu fuskokin sun daɗe a ƙasa. Bango huɗu cike da su, duk inda ka juya wani mamaci na kallonka.

Gawar na gefen tebur. Likita ya ce bayan kai ya fashe, amma faɗuwa kan bakin tebur ma na iya yin haka. Ba wanda ya ga kowa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kafin magariba gari ya yanke hukuncinsa: wai matattun da yake tayarwa ne suka gaji da shi.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa sufeton a rai. Wayar allon kwamfutar na yashe a ƙasa, kamar an fizge ta.

A ofis aka jona na'urar, aka cusa wayar a ramin da ta shiga, aka kunna. Allo ya haska. Sai wata baƙar taga ta fito tsakiya, wani ɗan zobe ya juya a cikinta sau uku, ta ɓace. Aka sake kunnawa, haka. Wani kofur ya ja da baya yana karanta Ayatul Kursiyyu, ya ce mamacin ne ke son yin magana ana danne masa baki. Ɗanmaliki ya daka masa tsawa. Ya san in bai samo hujja ba, za a rufe fayil a ce haɗari ne, maganar 'yan gari kuma ta zauna har abada.

Mutum ɗaya ce ta san na'urar kamar mai ita, matarsa Munawwara, don ita ke yi masa aikin launi. Tana takaba, ba ta fita. Don haka da hantsi sufeto ya ɗora kwamfutar a bayan mota ya kai ta har gida, aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka jawo wuta. Ita tana bayan labule, ba abin da yake gani sai gefen hijabinta.

Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa a hankali. Sannan ta ce, "Yallaɓai, jiya wata ta zo gaisuwa, ta hana ɗiyarta shan ruwan gidan nan. Wai gidan mai tonon matattu. Mijina bai tona kowa ba, fuskar iyaye yake mayar wa 'ya'yansu. Ina so a san abin da ya kashe shi."

Ya kwatanta mata baƙar tagar. Ta ce ba fatalwa ba ce, manhajar katin girafik ce. Katin wani ƙarfe ne mai tsada a cikin na'urar, shi ke ba ta ƙarfin tsabtace hoto, manhajar kuwa ita ke kula da shi, kuma da an kunna take buɗe kanta. A shekara uku ba ta taɓa ƙi ba.

Ta riƙa faɗa, yana dannawa da yatsa ɗaya. Ya rufe ta daga jerin manhajojin da ke aiki ya sake buɗewa, ta ƙi. Ya duba kwanan wata, daidai yake. Aka miƙo masa filashi ta ƙarƙashin labule, ya goge manhajar don ya sake saka ta, sai ta tsaya a rabin hanya ta rubuta cewa ba ta ga katin da za ta yi wa aiki ba. Sufeto mutum ne mai saurin fushi, ya fara ƙunƙuni yana share gumi.

"Yallaɓai, don Allah ka ɗan yi shiru," in ji ta.

Ya yi. Zauren ya yi tsit, sai kukan kurciya a waje.

"Tana kunne yanzu?"

"Tana kunne."

"To ba na jin ta. Katinsa fanka uku gare shi, ƙarfen gefensa kuma ya ɗan sassauta. Da ta kama aiki yake yin wata 'yar ƙara kamar sauro. Daga bakin ƙofa nake ganewa yana ciki." Sai ta ƙara da cewa, "Leƙa cikinta ka gani."

Ya ce murfin a ɗaure yake da kusoshi. Ta ce ba zai yiwu ba, tun shigowar zafi Abdulmutalib ya cire murfin ya jingine shi a bango don na'urar ta sha iska.

Sufeto ya aro sukundireba ya kwance. Inda katin ya kamata ya kasance, babu komai. Maƙallin robar da ke riƙe shi ya karye, a bakin ƙarfen kuma ga busasshen jini.

Ya ce ashe ɓarawo ne. Munawwara ta tambaya ko an ɗauki kyamara da wayarsa. Ba a ɗauka ba. Ta ce to wannan ba abin sayarwa yake nema ba. Mijinta yana da ɗabi'ar nuna wa baƙi katin yana bubbuga shi da alfahari, yana cewa wannan ne ke fito da fuskokin. Wanda bai san na'ura ba zai ɗauka a cikinsa hotunan suke zaune. Alhali hoto na can wani ma'aji daban, ba a taɓa shi ba.

Ta nuna masa yadda zai buɗe aikin ƙarshe. Hoton walimar saukar karatu ne a Rogo, na shekara goma sha tara da suka wuce. An rubuta a ƙasa: washegarin Babbar Sallah, bayan la'asar. Abdulmutalib ya yanko kusurwar baya ya girmama ta. Mutum biyu ne a kan babur, sun nufi hanyar gona. Na baya ya rungume jaka, ya waiwayo yana dariya.

Sufeto ya matso kusa da allon. Ya ga wannan fuskar jiya, a bangon shago, tana kallon gawar.

Munawwara ta ji kwatance ta ce Sulle ne, ɗan Iya Barira ta Beli, wanda ya tafi Legas bai dawo ba. Bara tsohuwar ta kawo hotonsa aka gyara. A wayar marigayin kuwa, lambar ƙarshe da ya kira an adana ta da suna Tsoho Beli.

A Beli ya sami Iya Barira a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta ce ranar ba ta ɓace mata ba, washegarin Babbar Sallah, don ita ta ƙulla masa soyayyen nama a jaka. Wansa Tsoho ne ya kai shi tashar Karaye da sassafe ya sa shi a mota. Har yau, in ji ta, ba ta sa sakata a ƙofar zaure, kada ya iso ya tarar a rufe.

Tsoho yana can ta bayan gidan yana gyaran injin ban ruwa. Ɗan shekara hamsin, mai fara'a, yatsunsa biyu a naɗe da tsumma.

"Ka san Abdulmutalib?"

"Sama-sama, ranka ya daɗe. Allah ya jiƙansa."

"Ya kira ka shekaranjiya."

"Kuskuren lamba ne."

"Na minti huɗu? Me ya sami hannunka?"

"Inji ne."

"Da wane lokaci ka sa Sulle a mota?"

"Da sassafe. Kowa ya sani."

Sufeto ya ciro hoton da ya buga ya miƙa masa. Tsoho bai karɓa ba. Ya kalli takardar kamar ya ga maciji.

"Amma ai na cire shi," ya ce. "Da hannuna na cire shi."

Daga nan bai ƙara musu ba. Ya ce Sulle ya so a sayar da rabonsa na gonar gado kafin ya tafi. Suka yini a Rogo neman mai saye, suka wuce gonar don nuna iyaka, gardama ta kaure, fartanya na kusa, ya sare shi da ita. Shi kuwa Abdulmutalib da murna ya kira shi, wai ya zo ya ga ƙaninsa yana dariya, a kai wa Iya ta ji sanyi. Bai san abin da ya tono ba. Da Tsoho ya ga hoton, ya buga masa kai da bakin tebur, ya fizge katin ya fita.

"Ina katin?" in ji sufeto.

"Na binne."

"A ina?"

Tsoho ya ce, "Gindin tsamiyar gona. Inda Sulle yake."

Aka sa masa ankwa. Da suka fito, Iya Barira na tsaye da faifan gyaɗa a hannu, ta ji komai. Ba ta kalli Tsoho ba ko da aka wuce da shi mota. Hannu ta miƙa wa sufeto, ya ba ta hoton. Ta shafa fuskar da babban yatsa, ta shiga zaure. Yana tsaye ya ji ƙarar sakata.

Da yamma ya koma gidan Munawwara, ya tsaya wajen labule ya faɗa mata komai, ya ce gobe gari zai ji daga bakinsa. Ta yi kuka a hankali, ta yi masa godiya. Sannan ta tambaya ko za a dawo mata da katin bayan shari'a.

Ya ce ƙasa ta shige shi, da wuya ya sake aiki.

"Ko fankar kawai ta juya, Yallaɓai," ta ce. "Gidan ya yi shiru da yawa."