Furen da Ke Ɗauke da Sunan Mama

Ranar da ya fara ganinta, tana ɗakin gilashin rainon tsirrai na jami'a tana fesa wa furanni ruwa. Shi sabon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, an aiko shi ya yanki ganye ɗaya daga wani fure da ake kira okid, mai leɓe kamar silifa.

"Malam, bi shi a hankali," ta ce. "Wannan da kake gani Mamana ce."

Ya zaci zolaya ce, sai ta nuna masa rubutun jikin tukunyar. Mahaifinta, Farfesa, shi ya gano furen a kan wani dutse, ya ce jinsi ne mai zaman kansa, ya raɗa masa sunan matarsa a shekarar da ta rasu.

Ganye ɗaya aka aike shi, amma bawan Allah kullum sai ya samo dalilin komawa. Ta sa masa Mai Tabarau, shi kuma yana kiranta Raɓata.

Bayan wata takwas sakamakon gwajin da Mai Tabarau ya yi wa ganyen ya fito, kuma bai zo da daɗi ba. Furen ba jinsi daban ba ne, reshe ne na wani okid da aka daɗe da sani, launinsa ne kawai ya fi haske. A ƙa'idar aikin kuwa, tsohon suna ne ke tsayawa. Mai Tabarau ya rubuta takardar sakamakon, ya miƙa don a buga.

"Yaron da zai share sunan matata ba zai ɗauki 'yata ba," in ji Farfesa da aka zo masa da maganar aurensu.

Wani ɗalibinsa, wanda bakinsa bai iya komai ba sai "haka ne, Farfesa", ya daɗe yana sonta. Ya samu ƙofa, ya raɗa mata cewa Mai Tabarau fure ya zo nema, ba ita ba. Sati uku ba ta ɗaga wayar Mai Tabarau ba, har saƙonsa ya shigo:

"Raɓata, sau huɗu na maimaita gwajin, ina addu'ar ya zama ni ne na yi kuskure. Ki ce in janye takardar, wallahi yau zan janye."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, sannan ta amsa:

"Kar ka janye. In ka yi ƙarya saboda ni, da wane ido zan dube ka? Amma ba zan saɓa wa Baba ba. Ka yafe mini."

Ana cikin haka ciwo ya kwantar da Farfesa. Wata safiya ya ce ta tura shi a keken marasa lafiya zuwa ɗakin ajiyar busassun tsirrai, ta kuma kira masa yaron. Farfesa ya buɗe kwalin da ya manna furen farko a ciki, ya daɗe yana kallonsa.

"Na sani tun shekara goma," ya ce. "Na koma dutsen, na ga masu launi tsaka-tsaki. Na yi shiru, don ji nake kamar zan sake binne ta."

A wannan aikin ba a goge tsohon rubutu, sai dai a liƙa ƙaramar takardar gyara a ƙasansa. Farfesa ya rubuta tsohon sunan jinsin, ya bi shi da sunan matarsa a matsayin reshe. Bai kai ga kwanan wata ba biron ya suɓuce masa.

"Ɗana, ƙarasa mini kwanan watan."

Mai Tabarau ya durƙusa ya ƙarasa, hawaye na sauka ta ƙasan gilashinsa.

An ɗaura auren a falon gida, don Farfesa ba ya iya fita. Ya dafa kawunansu, muryarsa da ƙyar take fita.

"'Yata, na ba ki wanda ya ƙi yi mini ƙarya. Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan mahaifiyarki."

"Amin, Baba," suka ce, ta kifa fuskarta a gwiwarsa.