Alkamar Da Ta Fito Kai Ɗaya

Ranar Litinin da hantsi wata mata ta shigo caji ofis na Illela, takalminta duk laka. Ta wuce kanta ba ta tsaya ba, sai gaban teburin Sufeto Badaru.

"Ranka shi daɗe, sunana Iklima, malamar gona ce ni. An sace min irin alkama."

"Buhu nawa?"

"Tiya ɗaya."

Kofur Mukhtari da ke bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. Badaru ya dube shi sau ɗaya, dariyar ta tsaya.

Suka tafi fadamar Amarawa. Ta nuna masa fangalinta na gwaji. Alkama ce shar, ta fitar da kai, tsawonta ɗaya kamar an bi ta da aska.

"Malama, kin ɗauko ni daga ofis in zo in ga albarka? Mi anka sace a nan?"

"Kyawun nan shi ne satar," in ji ta. "Alkamar da muke shukawa gajera ce, tana da yabanya, amma da zafi ya shigo sai ƙwayarta ta motse. Akwai wata tsohuwa a Garu, Inna Hadijatu, tana da irin kakanninta, dogo, bai jin zafi. Ɗan abin da ya rage mata a ƙullin tsumma ta ba ni. Na haɗa su aure da hannuna, kai bayan kai, da ɗan hantsaki. Ɗiyan farko duk kamarsu ɗaya. Jikoki su ne ke rarrabuwa, wani shi ɗauko kaka namiji, wani kaka mace, wani dogo, wani gajere. Cikinsu nike neman gajere mai jure zafi. Jikokin na ajiye a sito don shukar bana. Da su ne a nan, da ka ga gona kamar taron kasuwa. Wagga alkamar kasuwa ce anka zuba min a gwangwani."

"A sake haɗa auren mana."

"Da mi? Inna Hadijatu ta rasu bara. Ba sauran ƙwaya ɗaya ta irinta. In tiyar nan ta tafi, ta tafi ke nan."

Badaru bai yi boko mai zurfi ba, amma ya yi kiwon awaki. Ya san yadda baƙar akuya ke haifo ja. Ya gane.

Siton na ƙungiyar manoman rani ne. Makulli biyu gare shi, ɗaya a hannun Malam Abu mai gadi, ɗaya a hannun shugaban ƙungiya, Alhaji Attahiru, ɗan kasuwar da motocinsa ke kai albasa Ƙonni.

Alhaji ya tarbe su a rumfarsa da lemo mai sanyi, yana ta salati.

"Abin kunya! Ai tun da safe na kori Abu. Sufeto, ka kulle shi, kwana biyu a bayan kanta zai faɗi gaskiya. Talaka da makulli, mi kake jira?"

"Kai fa, Alhaji, ka shuka alkama bana?"

"Ni? Ko ƙwaya. Albasa kawai. Tambayi kowa."

Badaru bai taɓa lemon ba.

Ya sami Malam Abu zaune a gindin bishiyar bedi, tabarmarsa a naɗe, butarsa a gefe. Dattijo ne, shekara goma sha tara yana gadin siton.

"Baba, wa ke shiga siton nan?"

"Ni da Alhaji, ranka shi daɗe."

"Wa ya san abin da ke cikin gwangwanin?"

"Kowa. Malama ta faɗi gaban taron ƙungiya, tac ce in Allah ya yarda irin nan wata rana shina ninka abin da muke samu. Anka yi ta kabbara." Sannan ya ƙara da cewa, "Ana watsewa Alhaji ya aike ni Illela sayen kwaɗo sabo, wai na ƙofa ya tsufa. Kwaɗon lafiyarshi lau. Amma wa ni in ce a'a?"

"Mi ya hana ka faɗa wa Malama?"

"Yau da nac ce zan faɗi, shi ne ya kira ni ɓarawo gaban jikokina."

Badaru ya gane an kau da tsohon ne daga bakin siton. Amma aiken kwaɗo ba shaida ba ce a kotu. Wanda ya saci iri ba don tuwo ya sata ba, shukawa zai yi. Kwana biyu shi da Kofur suna bin fadama a kan babur, daga Amarawa har Garu, suna neman gona mai dogo da gajere. Ba su ga komai ba sai ƙafafunsu da suka kumbura.

Ranar Alhamis da safe suka tsaya shan shayi kusa da kara, kasuwar shanu. Wani Bafillace mai suna Jaɓɓo yana ba mai shayi labari, yana dariya.

"Wallahi ban taɓa ganin alkama mai taɓin hankali ba sai wagga. Wata ta kai min ƙugu, wata ko gwiwa ba ta kai ba. Wata da gashi, wata ƙwal. Mai ita ya ce kunya take ba shi, in sa shanu su share ta. Kyauta!"

Badaru ya ajiye kofi.

"Ina gonar?"

"Bayan Darna Sabon Gari, tsakiyar albasa. An kewaye ta da zana."

"Albasar wa?"

"Alhaji Attahiru mana. Jiya ya ji 'yan sanda na yawon fadama, ya ce kada in wuce yau."

"Shanun suna ina yanzu?"

"Ƙanena Bashar ya kora su can tun da sassafe."

Badaru ya ɗora Jaɓɓo a bayan babur, ya ce wa Kofur ya ɗauko Malama da motar ofis.

Da suka isa an riga an yaye zana. Shanu sun fi ashirin a ciki, sun cinye gaba, sun tattake tsakiya. Alhaji Attahiru na tsaye a kan kunya da carbi, yana kallo. Jaɓɓo ya diro yana kiran shanunsa da Fillanci, shi da Bashar suka fitar da su da sanda. Abin da ya rage a tsaye bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Motar ta iso. Iklima ta fito, ta tsaya, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Alhaji," in ji Badaru, "ka ce ko ƙwaya ba ka shuka ba."

"Mantuwa ce. Ɗan iri ne na sayo a Ƙonni."

"Wurin wa?"

"Wani mutum."

"Sunanshi?"

"Sufeto, ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Malama, ana sayar da irin wagga a kasuwa?"

"Ba mai sayar da iri a wannan mataki," ta ce. "Sai an yi shekara biyar ana zaɓe, ana zubar da na banza, kafin shi zauna kai ɗaya. Alhaji, da ka yi haƙuri, kyauta za a raba shi. Kai ne na farko da za a ba."

Nan Alhaji ya manta da kansa.

"Kyauta? Wanga shirme? Ke kin cuce ni! Gaban jama'a kinka ce shina ninkawa. Na ba shi taki buhu biyu, na ba shi ruwa kwana bakwai bakwai, na hana albasata wuri. Dubi abin da ya fito! Ashe ƙarya kike yi wa mutane!"

Har Jaɓɓo ya buɗe baki.

"To, Alhaji," in ji Badaru a hankali, "irin Ƙonni ne, ko na Malama?"

Alhaji ya dubi Kofur, ya ga biro na tafiya a kan takarda. Carbin ya faɗi cikin laka.

"Na ɗauka," ya ce. "So nike in riga kowa. In ya yi kyau in kai shi ƙetare da sunana. Sufeto, a rufa asiri, mu yi magana a gida."

"Ka saci abin da za a ba ka kyauta. Da bai yi maka ba, ka sa shanu. Ka tozarta tsoho gaban jikokinshi, har kana koya min yadda zan kulle shi. Yanzu kuma kai anka cuta? Kofur, sa mishi ankwa."

Iklima ta riga ta shiga gonar. Ta ciro jan zare daga jaka, tana bin abin da ya tsira a durƙushe, tana taɓa kowane kai, tana ɗaura wa gajeru masu cikar ƙwaya. Badaru ya jira har ta miƙe.

"Nawa?"

"Goma sha ɗaya. Da ɗari uku nike sa rai."

"Sun isa?"

"Ban sani ba, ranka shi daɗe. Sai zafi ya shigo mu ga wanda ya tsaya."

Jaɓɓo ya cire malfarsa. Ya ce shi da Bashar za su mayar da zanar, kuma ko akuya ba za ta kusanci wurin ba har a yi girbi, tunda da bakin shanunsa aka yi ɓarnar.

Alhaji ya nufi gaban mota, ya kama ƙofa da hannuwansa masu ankwa.

"Baya," in ji Badaru.

"Sufeto, ta cikin kasuwa za a bi. Mutane na gani."

"Ta Amarawa za mu fara bi. Akwai dattijon da ke zaune a gindin bedi, shi ma yana son ya gani."