Ƙofa Mai Lamba Bakwai

Wata Alhamis cikin Zulƙida, shekarar 1972, ana dab da kiran magariba, na ɗauki butar ruwa da kaskon turaren jawi na nufi saman bene. Aikin matata Luba ne wannan. Da ta rasu sai na gaje shi.

Gidan yana cikin tsohuwar Jidda, hawa huɗu, ginin dutsen teku. Shekara ashirin da biyu ina zaune a ɗakin hawa na biyu, nan Luba ta cika. Can ƙololuwa akwai ɗaki guda da ba a buɗewa. Kowa a layin ya san na maƙwabta ne, waɗanda ba a gani. Duk Alhamis a ajiye musu ruwa da turare a bakin ƙofa, a ce "dastur", wato neman izini, a sauko. Na yi makarantar mishan a ƙasar Zazzau, inda aka koya mana cewa irin wannan camfi ne. Duk da haka ban taɓa tsallake Alhamis ɗaya ba.

A shekarar nan masu gidan suka koma sabuwar unguwa, suka bar shi a hannun Abdulghaffar, ɗan wakilinsu, wanda ni na koya masa riƙe alƙalami. Gidajen layinmu duk sun zama masaukin alhazai: kwana biyar, kwana bakwai, su wuce Makka, wasu su shigo. Mai gasa burodi ya koma sayar da akwati da carbi. Tsofaffin masu haya an sallame su ɗaya bayan ɗaya.

"Ammi Husaini, kai ba ka cikin wannan magana," in ji Abdulghaffar, wanda yake kirana Ammi, wato baffa, Luba kuma Khala, wato inna. "Ɗakin Khala Luba? Wallahi ba mai taɓa shi ina raye. Halas, magana ta ƙare. Kai dai rubuta mini lambobin ƙofa, hannunka ya fi na maɗaba'a."

Ya kawo alluna takwas. Na ja layi da rula, na rubuta kowace lamba da Larabci da boko. Ɗakunan da aka sallami mutanensu shida ne. Na ƙirga. Ban tambaya ba.

Matakalar gidan taki hamsin da huɗu ce. Daga ƙasa ƙarnin busasshen kifin alhazan ƙasar Jawa yana biyo ni. A hawa na uku wani na tari. Daga nan sama babu lantarki, babu motsin kowa.

Warin sabon fenti na fara ji. Sannan na ga allon.

Bakwai. An kafa shi a ƙofar maƙwabta da ƙusa biyu, ya ɗan karkace. Tsohon kwaɗon mai tsatsa babu shi. Ƙofar a buɗe, faɗin tafin hannu.

"Dastur," na ce.

Hayaƙin jawi, da kullum yake shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ya juyo ya dawo fuskata.

Ana motsi a ciki. A naɗe tabarma. A sa kwano cikin kwano. A ja igiya a ɗaure. Na san wannan ƙarar ta haɗa kayan tashi, wata guda ina jin ta a layinmu.

"Mijin Luba."

Muryar tsohuwa ce, ƙasa-ƙasa, da Hausar mutanen da. Can nesa ladan ya fara kira.

"Rubutun wa ne a ƙofarmu?"

Na ce, "Abdulghaffar ne ya..."

"Ba wanda ya kafa na tambaya ba."

"Nawa ne."

"Mun gane shi. A layin nan kai kaɗai kake ɗaura wa bakwai ɗamara a tsakiya." Ta ci gaba: "Shekara ashirin da biyu muna tsare muku matakala. Ranar da Luba ta zame da tulu a ka, wa ya tare ta? Da aka ba ka allo takwas, ka ƙirga?"

"Na ƙirga."

Ƙofar ta ƙara buɗewa. Ban ga fuska ba. Hannu na gani, siriri, da lalle har gwiwa, ya fi tsawon da ya kamata. Ya kama wuyan hannuna na dama.

Sanyi kamar ƙasan rijiya.

Butar ta suɓuce, ta gangara, taki bayan taki.

Ta ja. Kafaɗata ta shige. Ciki warin teku ne da tsohon lalle, kuma ɗakin ba shi da ƙarshe.

Sai ga ƙarar guduma daga ƙasa. Ƙwas. Ƙwas.

Jan ya tsaya.

"Saurara," in ji ta.

Ƙwas.

"Hawa na biyu ne wannan. Ashe kai ma." Yatsun suka sake ni ɗaya bayan ɗaya. "Sauka, mijin Luba. An riga mu."

Ban san yadda na sauko ba. Na tarar da Abdulghaffar a ƙofata, ƙusa a baki, lamba takwas a kafe. Akwatin Luba yana waje. A bayansa alhazai huɗu da jakunkunansu, suna yi mini sallama cikin fara'a.

"Na lokacin hajji ne kawai, ya Ammi," ya ce, idonsa a kan gudumar. "Na samo maka wuri a unguwar Hindawiyya. Yalla, mu tafi, mota na jira."

Ba a mayar mini da ɗakin ba, ban kuma nema ba. Ɗaki na bakwai ya ci haya lafiya lau, ba wanda ya ga komai, don babu sauran wanda za a gani. Sai dai kafin alhazai su watse mutum uku sun karye a matakalar nan. Na ukun Abdulghaffar ne.

Hannuna ya warke, ya bar zanen yatsu huɗu masu launin lalle. Har yau ina rubuta wa mutane wasiƙa a Hindawiyya. In bakwai ta zo a adireshi, nakan miƙa wa mai wasiƙar alƙalamin.

Ran Alhamis kuma ina kunna jawi, in ce dastur. Hayaƙin yakan miƙe sama kawai, ba ƙofar da zai shiga.